An Jona, Babu Sauti

Babanta ne ya laƙaba mata Fiyus tun tana 'yar shekara biyar, wai don abu kaɗan ne ke ƙona ta. Mai gyaran rediyo da talabijin ne, ya san abin da yake faɗa. Shekara tara ke nan da rasuwarsa, amma sunan ya ƙi bin sa. Mijinta da shi yake kiranta, abokan aikinta ma haka, ita kuma ta gaji da hanawa.

A hawa na huɗu take aiki, cikin wani dogon ɗaki mai taga ɗaya. Kanta uku ne a jikin bango, an jera allunan kwamfuta da talabijin arba'in da biyu, kowanne da lambarsa a manne. Wayoyi kuwa cike da kwali, kullum a cukurkuɗe, kuma na'urar sanyaya ɗakin tana ɗiga cikin wani bokiti da ba wanda ya yarda cewa zubar da shi aikinsa ne.

In mutum ya jona kwamfuta da talabijin, hoto ya fito, sauti ma ya koma lasifikar talabijin, sai ya ɗauka haka kawai abin yake faruwa. Ina! Akwai 'yar manhaja a cikin kwamfutar, direba suke ce mata, ita ke lura cewa an jona waya, sannan ta tambayi allon ko yana da lasifika. In ya ce yana da ita, sai ta tura sauti can. In ya yi gum, sai ta bar sautin a jikin kwamfuta. Wannan 'yar tambaya da amsarta ita ce abincin Fiyus shekara shida, kuma wallahi tana son aikin.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. A tsakiyar direban akwai wasu layuka goma sha ɗaya da wani ya rubuta tun kafin a ɗauke ta aiki. Layukan suna sa kwamfuta ta yi tambayar nan har sau shida, tana jira rabin daƙiƙa tsakanin kowace tambaya. Saboda haka duk wanda allonsa ba shi da lasifika sai ya yi jiran banza na daƙiƙa uku kullum. A saman layukan mutumin ya bar saƙo guda: “Kada a taɓa wannan.” Shi ke nan. Babu dalili, babu suna.

Ta cire layukan, ta bar tambaya ɗaya tal. Ta bi allunan nan arba'in da biyu ɗaya bayan ɗaya, kwana huɗu tana jonawa tana cirewa har yatsanta ya yi kanta. Kowanne ya amsa a tambayar farko.

Ta kai wa Dogo, ogansu, wanda sai ya sa hannu gyara ke wucewa. Dattijo ne mai sanyin magana, in ya miƙe sai ya sunkuya wa fanka.

“Wanda ya rubuta kada a taɓa, ba mahaukaci ba ne fa,” in ji shi.

“To me ya ɗaure masa baki da bai faɗi dalili ba?”

“Wataƙila ya manta.”

“Wataƙila kuma ba shi da shi. Arba'in da biyu, Oga. Ko ɗaya bai yi gardama ba.”

Dogo ya sosa ƙeya, ya duba sakamakon sau biyu, ya sa hannu.

Mutum na farko da ta so ta faɗa wa ita ce Inna. Inna tana can garinsu, tafiyar kwana biyu a mota, ita kaɗai a ɗaki biyu da tsakar gida, sai wani tela da ke haya a shagon Baba yana leƙa ta. Kunnenta ya yi nauyi shekara goma ke nan. In aka kara mata waya sai ta ture, ta ce ƙudan zuma kawai take ji. Shi ya sa zuwan Fiyus na ƙarshe ta tafi da tsohuwar kwamfutarta ta cinya, ta rufe ta ta tura cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin talabijin, ta jona su da waya, ta ɗora 'yar kyamara a sama. Ta shirya ta yadda za ta riƙa amsa kira da kanta, tana kuma sabunta manhajarta da kanta. Aikin Inna ɗaya ne: ta kunna talabijin, ta danna maɓallin rimot da Fiyus ta ɗiga wa jan farce. Ƙara kuwa a kan saba'in take, har telan ya san sirrin gidan kaf.

Talabijin ɗin ma da labarinsa. Shi ne talabijin mai siririn jiki na farko da ya taɓa shiga shagon Baba. Mai shi ya ce ya mutu, ya bar shi ya tafi. Baba ya yi wata guda a kansa, Fiyus tana 'yar shekara goma sha biyar tana riƙe masa tocila, har ya tashi. Tun daga nan in an kunna shi sai ya ɗan jima kafin ya kawo, Baba ya ce a bar shi ya yi miƙa, ai daga lahira ya dawo. Sau uku Fiyus tana cewa za ta sayo sabo, sau uku Inna tana ce mata ta saya wa kanta.

Kowace Asabar ƙarfe huɗu suke haɗuwa. Hirarsu rabinta faɗa ne. Inna ba ta barin mutum ya kai ƙarshen magana, sai ta tsinke shi, ta gyara masa, ta tsokane shi, in ya fusata ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Fiyus takan tashi daga kiran da ciwon kai, ta kuma fara ƙirga kwanakin da suka rage Asabar ta dawo.

Wannan Asabar da labari biyu ta zo. Ta fara da ƙaramin.

“Inna, aikina ya shiga. Duk kwamfutar da ke amfani da manhajarmu za ta same shi, a ko'ina. Har taki ta cikin kabad, nan da sati biyu.”

“Tawa ma? To me zai yi mini?”

“Zai sa ta yi sauri.”

“Ina za ni da nake neman sauri? Amma dai madalla. Da babanki na nan da unguwa ba ta zaunu ba yau.”

Sannan ta faɗi babban. Shekara bakwai da aure, shekara bakwai na asibiti da allurai da 'yan tambaya masu dogon baki, yau ga ta da ciki wata uku. Inna ta cire gilashinta ta goge da bakin zane, ta mayar, ta sake cirewa. Da ta samu bakin magana sai ta hau faɗa: kada ta ƙara hawa bene da ƙafa, kada ta ɗaga ko da bokiti, kuma wannan zuciya tata ta ajiye ta gefe, don ɓacin rai ba ya yi wa mai ciki kyau.

Sati biyu bayan nan Inna ta fara canzawa.

Da farko Fiyus ba ta kawo komai ba. Inna ce dai ta riƙa zuba kamar an kunna rediyo: famfo yana yoyo, keken telan ya karye, kyanwar maƙwabta ta haihu a bayan tukunyar fure. Sai in Fiyus ta buɗe baki ta ga Inna ta matso ta yi mata ƙuri, tana gyaɗa kai.

“Inna, kin sha maganinki?”

“Ai kuwa an yi zafi, ba kaɗan ba.”

“Magani na ce.”

“To, to. Haka ne.”

“Inna, kina ji na kuwa?”

“Ina jin ki mana, rangaɗau! Me kika mai da ni?”

Fiyus ta duba nata ɓangaren. Koren layin da ke nuna murya na fita yana motsi lafiya lau. Tana jin Inna tar, har da ƙarar keken ɗinki daga nesa. To na'ura dai ƙalau take.

Asabar ta gaba haka, ta bayanta ma haka. Babu tsinke magana, babu tsokana. Da gangan Fiyus ta ce ta ɗaga buhu ta hau bene da shi, don dai a yi mata faɗa. Inna ta ce, “Allah ya yi albarka.”

Mijinta, malamin lissafi ne a sakandare, yana gefe yana duba takardun jarrabawa. Da aka gama kiran ya ajiye jan bironsa.

“Shekaru ne, Fiyus. Kakata haka ta fara. Kana yi mata magana tana ba ka amsar wata.”

“Malam, don Allah bari.”

Ya bari. Amma maganar ta zauna. A motar zuwa aiki ta riƙa karanta alamomin ciwon mantuwa a wayarta, tana kashewa, tana sake kunnawa. Ga Inna a gabanta kowane sati, fuskar nan, gilashin nan, amma kewarta take yi kamar ta shekara ba ta gan ta ba. Faɗan take so. So take a ce mata ba ta iya komai ba, a ce cikin nan ya sa hancinta ya buɗe. Ta yi niyyar da zarar likita ya yarda da doguwar tafiya za ta je ta gani da idonta.

Ba a kai ga haka ba. Wata Talata da hantsi, tana tsaye gaban allo mai lamba goma sha bakwai da waya a hannu, ta ji mararta ta murɗa. Dogo ne ya kai ta asibiti a motarsa, yana tuƙi yana salati. Kafin Malam ya iso daga makaranta an gama komai.

Kwana huɗu ba ta yi kuka ba. Malam ya yi, ƙanwarsa da ta zo ta zauna da su ta yi, ita kuwa ta bushe. A ranta ta san inda ta ajiye kukan. Jira take Asabar ta yi.

Ƙarfe huɗu ta wanke fuska, ta zauna a miƙe. Ta ce ba za ta tsorata tsohuwa ba, don haka ta ƙaƙalo murmushi ta riƙe shi da ƙarfi. Ta bari Inna ta gama labarin famfo. Sannan ta ɗora hannu a cikinta.

“Inna, cikin ya zube. Ranar Talata. Sun ce namiji ne.”

Inna ta matso. Ta dubi hannun, ta dubi bakin, fuskarta ta washe.

“Madalla! Kai, madalla! Haka ake so. Allah ya ƙara.”

Fiyus ta buga murfin kwamfutar har Malam ya fito daga kicin a guje. Ta san ba laifin Inna ba ne, in kan mutum ya tafi ya tafi. Ta sani sarai. Amma sanin bai hana ta jin kamar an mare ta ba, kuma kukan da ta yi ta tanadi ya koma ciki ya daskare. Ranar ta ji ta rasa biyu a sati ɗaya.

Asabar ta zo, ba ta kira ba. Ta gaba ma haka. Telan ya turo saƙo: “Inna na gaishe ki.” Ta amsa: “Ina amsawa, aiki ne ya yi yawa.” Malam ya yi magana sau ɗaya, ta ce in ta sake jin madallar nan ba ta san abin da bakinta zai faɗa ba. Ƙarfe huɗun Asabar sai ta samu abin wankewa, ta yi ta dirza har biyar ta wuce. Tana dirzawa tana shirya labaran da za ta ba Inna, ta da, mai tsinke magana.

Ta koma aiki a sati na uku. Ranar Laraba bayan azahar Dogo ya turo mata wani rahoto, ya biyo shi da ƙafa.

“Wani mai aski ne ya rubuto. Wai tun da aka sabunta masa manhaja, talabijin ɗin shagonsa ya daina magana, hoto kawai. Tsohon abu ne, an daina yin irinsa tuntuni. Mutum ɗaya ne cikin dubbai. Ki duba, in babu komai ki rufe.”

Mai askin ya haɗo da rajistar da kwamfuta ke rubutawa da kanta, inda take ajiye duk abin da ya faru da lokacinsa. Fiyus ta buɗe tana hamma. Layin farko: an jona. Na biyu: an tambaya, babu amsa. Na uku: babu sauti. A ƙasa, daƙiƙa biyu da rabi bayan nan, talabijin ɗin ya turo bayaninsa, da lasifikarsa da komai, amma babu mai sauraro, don direban ya riga ya yanke hukunci ya juya baya.

Sai idonta ya faɗa kan lambar samfurin. Haruffa uku, lambobi huɗu.

Ta san lambar nan. Wata guda tana haska ta da tocila a bayan wani talabijin, Baba yana cewa ta daina rawar hannu.

Ba ta san sanda ta ture kofin shayinta ba. Tana da hanyar shiga kwamfutar Inna daga nesa, ita ta shirya ta, amma ba ta taɓa tunanin leƙawa ba, tun da koren layi yana motsi. Sau biyu ta yi kuskuren kalmar sirri. A na uku ta shiga, ta buɗe rajistar, ta koma baya sati bakwai.

Asabar, huɗu saura minti goma. An jona. Babu sauti.

Asabar ta gaba. An jona. Babu sauti.

Duk makonnin nan muryarta tana fita ne ta 'yar lasifikar kwamfuta, a rufe, cikin kabad, a ɗakin matar da sai an kai ƙara saba'in take ji. Ashe kan Inna ƙalau. Ashe ko kalma ɗaya ba ta ji ba, har da ta ranar nan.

Ta ci gaba da gangarowa, ta iso makonnin da ba ta kira ba. Duk sanda aka danna maɓallin jan farce, rajistar tana rubutawa. Asabar, huɗu saura minti goma, an jona. Shida da rabi, an cire. Lahadi, huɗu saura minti goma, an jona. Litinin. Talata. Kowace rana ta Allah, kwana goma sha takwas, tsohuwar tana kunnawa ta zauna gaban allon da babu kowa a ciki sama da awa biyu, sannan ta kashe.

Layin ƙarshe na yau ne. Huɗu saura minti goma, an jona. Babu layin an cire. Fiyus ta dubi agogon bango: huɗu da kwata.

“Oga,” ta ce, “layukan nan da na cire. Zan mayar.”

Dogo ya zo ya sunkuya a kan allonta, ya karanta.

“Za ki iya sa wa wannan samfurin shi kaɗai togaciya, ba sai kin janye gyaranki duka ba. In kin janye, kowa zai gani, da sunanki.”

“Su gani. Wa ya san tsofaffi nawa ne a can waje da ba su iya rubuto rahoto ba?”

“Mai askin nan ɗan'uwanki ne?”

“Irin talabijin ɗin Innata ne.”

Dogo ya dube ta, ya dubi jerin kwanakin. Ya ja ragowar mutum biyun da ke ɗakin, wai su zo su taya shi neman wani kwali a hawa na biyu.

Minti goma ta mayar da layuka goma sha ɗaya. Ta goge “Kada a taɓa wannan,” ta rubuta a wurinsa cewa wasu tsofaffin talabijin suna kai daƙiƙa uku kafin su amsa, kuma ba sa sake sanarwa in sun shirya, don haka dole a yi ta tambaya. Ta sa lambar samfurin da kwanan wata da sunanta. Ta tura gyaran zuwa kwamfutar cikin kabad, ta sa direban ya fara daga farko, ta zuba wa rajistar ido.

An jona. An tambaya, babu amsa. An tambaya, babu amsa. Na uku, na huɗu, shiru. Tana jin ɗigar ruwa cikin bokiti. A na biyar layin ya fito: akwai lasifika.

Ta danna kira.

Ɗakin ya bayyana. Labulen nan mai ruwan ƙasa, hoton Baba a bango ya ɗan karkace, Inna a kujerar roba dab da talabijin, hannuwanta a cinya kan wani abu. Ta rame. Da ta ga fuskar 'yarta sai ta zabura ta gyara gilashi, ta yi maza ta ɗora fara'a.

“Ga ta nan! Ai na ce aiki ne ya riƙe ki. Famfon nan kuwa an gyara, telan ne ya kawo wani...”

“Inna.”

Tsohuwar ta firgita har kujerar ta yi ƙara. Ta dubi lasifikar talabijin, ta dubi allon.

“Sake faɗa.”

“Inna, ni ce.”

“La ilaha illallahu. Ta dawo.” Ta kai hannu ta shafa gefen talabijin ɗin. “Ta dawo.”

Fiyus ta ji fiyus ɗin nata na shirin ƙonewa, ta kasa riƙewa.

“Sati bakwai, Inna! Sati bakwai ba kya ji na, ina tambayarki kina cewa rangaɗau! Don me?”

“Wannan tambayar ai shekara goma ana yi mini ita, ko daga bayan labule na san ta a baki. Kuma rage murya, telan na ji.”

“Na ɗauka kanki ne ya taɓu! Har alamomin ciwon mantuwa na karanta!”

“Kaina? Kan ubanki ne ya taɓu, Allah ya ji ƙansa. Labarai ina jin su tar, ke kaɗai ce ba na ji, kin ɗauka ban san lissafi ba? Ke kika ce mini aikinki zai shigo nan da sati biyu. Sati biyu ya cika, murya ta ɗauke. To ni ce zan fara buɗe baki in ce aikin 'yata ya ɓata abu? Ga ki da ciki, ga zuciyarki da na sani. Na ce bari in lallaɓa, masu ilimi ne, za su gano su gyara. Kafin nan ai ina ganin fuskarki.”

“Da kin faɗa, minti goma ne gyaran.”

“Babanki ma in ya gyara abu ya ƙi, ba a faɗa masa. Bari ake ya gano da kansa, in ba haka ba kwana uku ba ya cin abinci. Ke kuwa shi kika ɗauko kaf.”

Ga faɗan da Fiyus ta yi sati bakwai tana nema, ya zo har gida.

Fara'ar da Inna ta ɗora ta sauka. Ta ɗago abin da ke cinyarta: 'yar hular saƙa ce ruwan ƙwai, rabi aka yi, allurar saƙar tana soke a jikin zaren.

“Ranar nan,” ta ce a hankali, “na ga hannunki a ciki, na ga kina murmushi, na ce ko ya fara motsi ne. Sai da allon ya yi baƙi na zauna ina tuna murmushin. Irinsa kika yi ranar da kika dawo daga makaranta kika tarar an fita da babanki. Na san na ba da amsar da ba ita ba. Telan ya ce ya kira ki ya tambaya, na ce a'a, ba maganar da za ta bi ta bakin tela ba ce. Tun ranar ban ƙara ko ɗauri ɗaya a hular nan ba, ban kuma warware ba. Na ce sai na ji.”

Ta ajiye hular a kan kabad. Ta ɗauki rimot ta ƙara ƙara, Fiyus tana ganin babban yatsanta yana dannawa, yana dannawa. Ta ja kujerar har gwiwarta ta taɓa kabad ɗin, ta ture ɗankwali daga kunnenta na dama, mai ɗan dama-dama, ta juyo da shi wajen lasifikar.

“To, 'yar nan. Faɗa mini. Yanzu ina ji.”

Fiyus ta buɗe baki ta ce, “Ranar Talata ne,” sai kukan ya riga sauran maganar fitowa. A can shagon Baba, keken ɗinkin ya tsaya.